Babi na Uku: Adakar Kaka

Me ya sa tsofaffinmu ba sa yarda a zubar da tsohon kaya? Duk wanda ya taɓa gyaran gida ana jibi salla, ko ya kwaso iyayensa daga lungunan Gambarawa ko Yarinci a birnin Katsina ya mai da su sabon gida a Barhim ko Goruba, ya san wannan tambaya. An zuba kujeru, an shimfiɗa tayil, an rataya labule, amma Hajiya ta kafe sai an shigo mata da wata adaka mai tsatsa an tura ƙarƙashin gado. Ka ce za ka saya mata akwati mai taya, ta ce ta gode, a dai bar mata abinta. In ka samu ka leƙa ciki, ba za ka ga abin da zai yi kuɗin buhun gero ba: zanen saƙi ɗaya da ya koɗe, 'yan kwabbai masu huda, langa da bakinta ya ɓantare, hoton da fuskokin cikinsa suka fara bajewa, da wasu takardu a naɗe cikin leda. Matasa su ce tarkace, mai kayan ta ce ajiya.

Ni dai ina bayan mai kayan, kuma zan faɗi dalili.

Tunani ba ya zuwa da kira

Gwada wannan a gida. Zauna gaban dattijo bayan la'asar ka ce, "Baba, ba ni labarin zamaninku." Galibi murmushi zai yi ya ce, "To, an sha gwagwarmaya, sai godiyar Allah," ya ci gaba da jan carbinsa. Ba rowar labari yake yi ba. Shekara tamanin ce a kansa, bai san ta inda zai kama ba.

Yanzu ɗauko ƙararrawar tsohon kekensa Rali ka sa masa a tafin hannu. Zai juya ta, ya danna ya ji ko har yanzu tana kuka, sai ka ji ya ce, "Kai, wannan keken ai a Kano na sayo shi, shekarar da gyaɗa ta yi kyau." Daga nan sai wanda ya ranta masa cikon kuɗin, sai ranar da ya fara taka shi har Jibiya ya dawo, sai abokin da suka yi tafiyar tare, wanda ƙasa ta daɗe da rufe idonsa. Kiran magariba ne zai tashe ku.

Abin da mutum ya riƙe da hannunsa, ko ya sha shaƙar ƙamshinsa, shi ya fi saurin tono masa abin da ya wuce. Shi ya sa tsohuwa in ta buɗe adaka takan fara kai zanen hancinta kafin ta warware shi, don ƙamshin kafur da turaren wuta da ya kama shi. Tsohon abu kamar busasshiyar kuɓewa yake: a ido ba ta da wani fasali, amma da ta ji ruwan zafi sai yauƙinta ya dawo. Ruwan a nan bakin mai kayan ne. Ranar da babu shi, ƙararrawar nan ta zama guntun ƙarfe, kuma babu wanda za a ga laifinsa in ya jefar.

Kalandar waɗanda ba a rubuta haihuwarsu ba

Kakanninmu da yawa ba su da takardar haihuwa. Da abin da ya faru suke lissafin shekaru. Wani ya ce, "An haife ni Dikko na da rai." Wata ta ce, "Ina goyon yayanku aka yi canjin kuɗi." Irin wannan magana tana da ma'auni in ka san inda za ka aza ta. Sarki Muhammadu Dikko ya hau gadon sarautar Katsina a 1906, ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi ya yi mulki har 1981. Wanda aka haifa Dikko na raye, ko ba takarda ka san ya haura tamanin.

Kayan cikin adaka su ne shaidun wannan lissafi. Kwabon nan mai huda a tsakiya, goge shi da ɗan toka ka duba: akwai shekarar da aka buga shi da sunan mai sarautar Ingila na lokacin. Da shi da ɗari, da taro da sisi da sule, duk sun fara barin hannun mutane daga 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta maye gurbin fam. Saboda haka matar da ta ce da fam aka biya sadakinta, ta riga ta gaya maka kafin wace shekara aka ɗaura mata aure.

Rasidin haraji ma haka. A da magidanci ba ya wasa da wannan 'yar takarda, domin in tafiya ta kama shi ana iya tare shi a hanya a ce ya nuna. Wasu a cikin hula suke soke ta, wasu a gwangwani. A 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin. In ka tarar da tarin rasidai a kayan kakanka, na farkon zai nuna maka wajen shekarar da aka fara ƙirga shi cikin magidanta. Ka tambaye shi yadda ake haɗa kuɗin a shekarar da damina ta ƙi, za ka ji abin da ba a koyarwa a aji.

Duba kuma saman kowace takarda ta hukuma. Kafin 1967 Lardin Katsina ne a Jihar Arewa. Daga 1967 zuwa 1976 Jihar Arewa ta Tsakiya. Daga nan Jihar Kaduna, har ranar 23 ga Satumba 1987 da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Katsina. Mutum ɗaya, bai taɓa tashi daga gidan ubansa a Saulawa ba, amma takardunsa na ɗauke da sunayen nan huɗu. Rediyon da aka saya da kuɗin ƙarin albashin Udoji wajen 1975, da lambar yaƙin Bama da wani tsohon soja ya dawo da ita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kowanne yana tsayar da shekara guda a tarihin gidan.

Jeren da ke bango

Nan nake so mu ɗan daɗe, domin tarihin mata a garin nan ba kasafai ya shiga takarda ba. A jikin kwano ya zauna.

Kafin zuwan kabet da tangaran, darajar ɗakin amarya jere ce. An fara da ƙorai da faya-fayai, aka koma tasoshi, sannan kwanukan fenti suka shigo: langa, samira, kwalla, fanteka, a ɗora wannan kan wannan har su kusa taɓa azara. Baƙo kan ɗauka ado ne kawai. Matan da suka yi zamanin sun san dukiya ce. Abin da mace ta samu a kaɗi, ko a ƙuli-ƙuli, ko a adashi, takan mai da shi kwano, don kwano ba ya ruɓewa, kuma ba a cika yi wa mace rancensa ba kamar yadda ake yi wa tsabar kuɗi. In 'yarta ta isa aure ta ɗiba ta yi mata jere, in matsi ya zo ta sayar.

Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, a Rafindaɗi ta zauna. In salla ta matso takan sauke jerenta ta wanke da kanta, ba ta yarda jika ya taɓa ba sai dai ya miƙo mata tsumma. Kowane kwano kuwa da sunan da take kiransa.

"Mai gida, miƙo mani ta Gwaggo," in ji ta. Langa ce ƙarama mai jan baki. "Ita ta kawo mani ranar da aka kai ni ɗaki. Waccan mai hoton kifi kuwa da guminna na saye ta, shekarar da na yaye uwarka."

A tsakiyar jeren akwai wani gurbi da ba ta taɓa cikewa ba, ko da 'ya'yanta suka girma suna iya saya mata goma irinsa. Na ce, "Inna, nan fa?" Ta ce, "Nan kwalla ce babba. Shekarar fari muka cinye ta." Farin 1973 take nufi, lokacin da amfanin gona ya ƙone a ƙasar Katsina da maƙwabtanmu na Nijar, dabbobi suka yi ta faɗuwa. Ta sayar da kwallar aka auno hatsi, gidan ya ga kaka. Ba ta ƙara ko kalma a kai ba, ta ci gaba da goge murfin samira.

Jeren nan ya ƙunshi wanda ya yi mata gudummawa a bikinta, da wanda ita ma za ta rama wa in nasa ya zo, da sana'ar da ta yi, da shekarar da aka ji jiki. In aka kira mai sayen tsofaffin ƙarafa aka ɗora masa a sikeli, duk wannan ake aunawa da kilo.

Gafaka da tsarabar Makka

Katsina garin malamai ce tun zamanin masallacin Gobarau, garin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina da suka rayu a ƙarni na 17. A gidajen malamai, Masanawa da sauran unguwannin cikin ganuwa, ajiyar maza gafaka ce: jakar fata, a cikinta Alƙur'ani rubutun hannu warƙa-warƙa, ko wani littafin fiƙihu da aka kwafa da tawadar gargajiya. Abin da jikoki ba su cika lura da shi ba shi ne warƙar ƙarshe da gefen shafi. A nan wasu malamai kan rubuta sunan wanda ya kwafi littafin, ko ranar da aka haifi ɗa, ko ranar da malaminsu ya rasu, da Larabci ko da ajami. Sau da yawa in takarda ta tsufa mukan ƙone ta ko mu binne don girmama ayoyin da ke jiki. Niyyar mai kyau ce. Amma kafin a yi haka, a kai wa wanda ya iya karatun ajami ya duba, don wataƙila salsalar gidan ce baki ɗaya a 'yan layukan nan. Allon zayyana na ranar sauka shi ma ya cancanci wuri a bango, ba bayan randa ba.

Sai kayan hajji. A 1921 Sarki Dikko ya yi tafiyarsa ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila ya gana da Sarki George na Biyar, ya sauke farali. Talakawan zamaninsa kuwa da ƙafa da jaki suke ratsa Chadi da Sudan, wani ya yi shekaru kafin ya dawo, wani ya zauna can. Bayan jirgin sama ya samu, kowane gida ya san tsarabar Makka: darduma, carbi, butar zamzam, da 'yar kyamarar roba da yara ke leƙawa su ga Ka'aba. Tsohon fasfon alhaji yana ɗauke da hotonsa yana da ƙarfinsa, da hatimin ranar fita da ranar dawowa. A wani gidan shi ne kaɗai hoton mamacin da ya rage.

Me ya sa na fada bai ɓata ba?

Garin kansa yana da adakarsa. A fadar Katsina akwai Gajere, takobin da tarihin baka ya danganta da Sarki Muhammadu Korau da karawarsa da Sanau, akwai kuma Gwauron Tambari. Sarautar ta fita daga gida zuwa gida, jihadi ya zo, Turawa suka zo suka tafi, kayan nan suna nan. Ginin ƙasa na tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, shi ma yana tsaye baƙi na ziyarta, alhali makarantar ta tashi zuwa Kaduna tun 1938.

Ba ƙarfin ƙarfe ko na tubali ya kawo su yau ba. Abu biyu suka samu: akwai wanda aka ɗora wa alhakin kula da su, kuma ana maimaita labarinsu a gaban jama'a har yaro ya haddace. Kayan gidajenmu ba su da ko ɗaya. In tsohuwa ta rasu, kowa yana ganin wani ne zai kula, kuma labarin ya riga ya tafi da ita.

Ina addini ya tsaya?

Wasu na jin ɗar-ɗar, suna ganin riƙe kayan mamaci kamar rashin tawakkali ne. Akwai ƙissar da ke kwantar mini da hankali. Bayan yaƙin Badar, Abul Asi mijin Nana Zainab 'yar Annabi yana cikin kamammu. Ta aiko da fansarsa daga Makka, a ciki har da sarƙar wuyan da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta lokacin aurenta. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga sarƙar, tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai in sun yarda su saki mutumin su mayar mata da kayanta, suka yi hakan. Abu ya tuna maka da masoyi har zuciya ta motsa, wannan halin ɗan Adam ne. Iyakar da ba a ƙetarewa ita ce a ɗauka wani ƙyalle ko zobe yana amfanarwa ko yana cutarwa da kansa.

Inda aka fi samun matsala gado ne. Duk abin da mamaci ya bari, har carbi da hula, haƙƙin magada ne, kuma in akwai marayu abin ya ƙara nauyi. Ba daidai ba ne babban ɗa ya zare agogon uba ya sa a aljihu da sunan tunawa. Hanya a buɗe take: a yi wa abin kuɗi ranar rabo, mai so ya ɗauka a cikin kasonsa, ko sauran su bar masa da daɗin rai. Mafi sauƙi kuma, mai kayan ya bayar da hannunsa tun yana lafiya, a gaban shaidu, wanda aka ba ya karɓa ya tafi da shi. Al'adarmu ta sadaukar da tufafin mamaci abu ce mai lada, sai dai ba za ta rage ladan ba in magada suka yarda aka ware riga ɗaya.

Gara, damina da waya

Maƙiyan ajiya sanannu ne. Gara tana cin takarda daga ƙasa ba a sani ba, ɗaki ya yi yoyo a watan Agusta hotuna su manne da juna. A ɗaga adaka kan bulo kada ta taɓa ƙasa ko bango. A fito da tufafi su sha iska da rani, a zuba busasshen ganyen bedi a tsakaninsu. Leda tana tara gumi, gwamma a naɗe takarda cikin farin ƙyalle mai tsabta. Kada a liƙa wa tsohuwar takarda salatif, kada kuma a kai ta a gasa mata roba a shagon kwamfuta, don zafin na lalata ta kuma ba ta ɓaruwa.

Waya ta kawo sauƙi, ta kuma kawo sakaci. A ɗauki hoton kowace takarda, wannan ya yi. Amma hoton da ke waya ɗaya tak, ranar da aka sace ta ko ta faɗa ruwa ya tafi. A tura wa 'yan'uwa uku ko huɗu, a wanke masu muhimmanci a ajiye.

Tun mai kayan yana raye

Duk wannan kiyayewa rabin aiki ne in ba a ji labarin ba, kuma tambayar tana son dabara. Ɗa ya ce wa uwarsa ta buɗe adaka, tana iya zaton lissafin gado ya fara. Jika ya fi dacewa da wannan aiki, domin wasan da ke tsakaninsa da kaka ya ba shi damar da uban nasa ba shi da ita. A zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, a fito da abu ɗaya, a tambayi wa ya ba da shi, a wace shekara, ana zaune a ina. A rubuta amsar a 'yar takarda a ajiye tare da abin, in ta yarda kuma a naɗi muryarta.

Akwai kayan da za ta ɗauka ta mayar ba ta ce komai ba: 'yar hular jaririn da bai rayu ba, ko zoben auren fari. Mace mai kunyar ɗan fari, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba, tana iya ɓoye rigarsa ta suna shekara hamsin. A nan kada a matsa. In ta ga an girmama shirunta, wata rana ita za ta kira ka.

A ƙasan adakoki da yawa akwai wani abu da ban taɓo ba da gangan, wato kaset. Wasu na Mamman Shata ne, waɗanda aka yi ta juyawa har zaren ya saki. Wasu kuwa babu suna a jikinsu, don wasiƙu ne: muryar ɗa daga Jidda ko Legas ko Kumasi, yana gaida iyayen da ba su iya karatun boko ba, yana kiran mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Yadda aka yi wannan wasiƙar baka ta yaɗu, da yadda za a ceto muryoyin kafin zaren ya mutu, shi ne abin da za mu duba a babi na gaba.